Abincin da Puma Ta Rufe

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da malaman da kike aiki a ƙarƙashinsu a duwatsun Amurka. Na rubuta wannan a fili, inda kowa ke karantawa, don kwana goma sha ɗaya ke nan wayarki ba ta shiga. Wanda ya san inda kike, don Allah ya isar miki.

Kin tuna ranar da kika zo hutu daga makarantarki ta Lyon, kika baza hotuna a teburin kicin ɗinmu na Bobigny, ina yankan albasa? Kika nuna mini wapiti, barewar nan mai girman doki, ƙahonta kamar rassan itace. Kika ce aikinki ki bi gawarwakinsu ki gano wa ya kashe, kyarkeci ko puma, damisar dutse. Na ce duk karatun nan, a bin mushe ya ƙare. Kika yi dariya. Ni ban yi ba.

Kika ce kyarketai a garke suke zuwa, su kori wapiti a fili har tsohuwa ko gurguwa ta gaji. In sun gama, ƙashi nan, fata can. Su ne mafarauta ke zagi, don kukansu ake ji. Puma kuwa ita kaɗai take yawo. Takan laɓe bayan dutse, ta faɗa wa ko da lafiyayya ce, kuma a wasu wurare ta fi su ɓarna. Na ce haka mutane ma suke.

Sai kika nuna mini aikinta. Ta ja gawa ƙarƙashin itace, ta tattaro ganye da ƙanƙara ta lulluɓe ta tsaf. Na ajiye wuƙa. Rakiya, kina 'yar shekara huɗu a Damagaram na doke hannunki a kan kwanon babanki. Na gaya miki abin da aka rufe da faifai yana da mai shi, kuma mai shi yana tafe. Yau aikinki ki durƙusa, ki yaye, ki auna.

Hoton da kika aiko na ƙarshe, kin rubuta a ƙasansa cewa gobe za ki koma ki ga abin da puma ta rage. Na kai shi wani shago a unguwar Barbès aka buga mini babba, don idona ya yi rauni. A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na duba. Ga abinci a rufe. Ga sawun takalminki a ƙanƙara. A cikin sawunki guda akwai wani sawun, zagayayye, babu farce. Ke kika koya mini na kyarkeci ne ke nuna farce. Kuma a kan naki yake, Rakiya. Bayanki puma ta taka, kina nan. Na wuce tashata har da tasha uku ban sani ba.

Ban taɓa yaba karatunki a gabanki ba, amma ga shi ban manta ko kalma ɗaya ba. Kada ki koma wurin. In kin riga kin koma, ki kira ni, ba zan yi faɗa ba, 'yar auta.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kau da idon abin da ke kallon ki, ya dawo mini da ke da ƙafarki.

Dambun da kike so nake yi kullum. Ina zuba naki, in rufe da faifai. Ba wanda ke taɓawa. Mai shi tana tafe.

Innarki