Motar Bariki Ta Shanye Mini Sola

Anti Mairo, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai fito a shafin farko na jaridar nan.

Maigidana saja ne, direba a bariki. Tun aurenmu yake jan wata tsohuwar mota mai hayaƙi, kullum ya dawo yana tari kamar wanda ya wuni a murhu. Bana aka kawo musu motoci masu aiki da lantarki don a rage gurɓata iska. Wallahi na fi kowa murna. Ni malamar makaranta ce, na karanta yadda hayaƙi ke ɗumama duniya har ƙanƙarar ƙasashen sanyi take narkewa. Ashe tawa ƙanƙarar ce a kan layi.

Ina da sola da firiza, da gumina na saye su, ina yin ƙanƙara da zoɓo. Duk unguwarmu ta Kambarawa an san sanyin zoɓona. To wurin cajin da aka yi musu a bariki ɗaya ne tal, motocin manya ake fara sawa, in an ɗauke wuta kuma shi ke nan. Sai bawan Allahn nan ya fara zuwa da motar gida da la'asar, ya zare wayar firizata ya soka ta gwamnati. Ga ta ba ta da ƙara! Da, tun daga bakin titi nake jin tahowarsa. Yanzu sai dai in ga ruwa na bin ƙasan firiza, in leƙa in tarar da ita a ƙofar gida tana tsotso shiru kamar kaska.

Da na yi magana sai ya ce wai baƙuwa ce, kuma ba a hana baƙo ruwa. Baƙuwa! Ita ce ma ta jawo mana wasu baƙin, dattawan unguwa kullum suna zuwa kallo, har da wani Malam Salihu daga Batagarawa da ya kara kunne a jikinta ya koma gefe yana addu'a. Ni kuma in aika musu zoɓo mai ɗumi kamar shayi, su sha su yi godiya irin ta ta'aziyya.

Ranar Asabar ake sunan ɗan ƙanwata Maimuna, kuma a gaban dangin mijinta na ɗauki alkawarin abin sha. Shi kuma ya ce ogansa na da tafiya ranar, dole motar ta sha ta ƙoshi ran Juma'a. Saboda haka na ɓoye wayar cajin a buhun gero. Yana ta nema, har rijiya ya leƙa. In fito da ita, ko in bari sai an watse daga suna?

Taki, Mai Zoɓon Kambarawa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki fito da wayar yau. Kayan gwamnati ne, in ta ɓata mijinki za a tsare, kuma ba ogan ne zai riƙa kai masa abinci ba.

Gaskiyarki ce, solar taki ce, kuma bai kamata a taɓa sana'arki ba tare da izininki ba. Amma ki duba nasa ɓangaren. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ƙaramin soja ba ya iya ce wa ogansa mota ba ta tashi ba. Kuma na lura kin ce "da" yana tari. Wannan ma riba ce, ki lissafa da ita.

Ki bari ya ci ya ƙoshi, sannan ki nuna masa cewa solar gida ba ta cika mota, wahalar da baturanki kawai yake yi. In ya sake kawo zancen baƙuwa, ki tuna masa moɗa ake miƙa wa baƙo, ba randar gidan gaba ɗaya ba. Ran Juma'a ya yi sammako ya kama layin caji a bariki. Ke kuma ki haɗa ƙanƙararki tun yanzu, ki kai rabi ajiya firizar maƙwabta, don soja mai tsoron oga ba a cika yarda da alkawarinsa ba.

Sannan ki cika gora biyu da zoɓo mai sanyin gaske ya kai wa ogan. In ya sha ya yaba, nan ne mijinki zai samu bakin faɗa masa abin da motarsa ke yi wa mai zoɓon, da kuma buƙatar ƙarin wurin caji.

Allah ya raya jariri, ya ba ku zaman lafiya, ya sa dangin mijin Maimuna su sha har haƙoransu su yi tsami.

Anti Mairo