Kan da Aka Ce Ya Karkace

Zuwa ga Shugaban Sashen Hoton Ƙwaƙwalwa na asibitin da aka tura ni a birni.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Sunana Garba, manomin shinkafa daga Kurgu ta ƙasar Bagudo. Bara ina tsakar watsa taki hannuna na dama ya mutu, harshena ya yi nauyi. Kafin la'asar abin ya sake ni, amma likita ya ce sai an duba jijiyoyin jinin kaina. Aka zura ni cikin injinku mai ƙara kamar na casa. Bana kuka ce in dawo a kwatanta hoton farko da sabo, na kuwa dawo. Ga kukana.

Na ɗaya, da sakamako ya fito, ma'aikacinku bai tambayi ko wane ne ya rako ni ba. Taubashina ne, Bello, wanda tun muna yara bai taɓa barin kuskurena ya kwana a ɓoye ba. Shi aka miƙa wa hoton, shi aka yi wa bayani, rabi da Turanci. Ni mai kan ina gefe kamar buhun da aka kawo awo.

Na biyu, a duk bayanin nan abu biyu Bello ya riƙe: wata hanyar jini a kaina ta tsuke, ta karkace. Kafin mu sauka mota, har fasinjojin da za su ƙetara Benin sun ji cewa inji ya tabbatar kan Garba a karkace yake. Ranar kasuwa na yi gardamar sayen taki, aka ce a ƙyale ni, akwai takardar likita. Matata Hajara ma, da ta ga zan kada ta a magana, sai ta tambaye ni ko na sha maganina.

Na uku, kuma wannan ba wasa ba ne, har yau ban san ko hanyar jinin ta ƙara tsukewa ba, ko tana nan yadda take bara. Na rage gishiri, na bar kitse, ina shan ƙwayoyina. Kullum na tashi sai na dunƙule hannun in ji ko yana nan.

Roƙona, a riƙa jera wa mai kai hotunansa biyu, a nuna masa da yatsa, da Hausa, bayan an tambaye shi wa ya yarda ya ji. A kuma ba ni rana in dawo.

Bello ya fara kukan jiri kwanan nan. In ya zo, ku duba shi da kyau, don ina son abina. Amma ni zan rako shi.

Allah ya ƙara basira, ya tsare maka jijiyoyinka.

Wassalam.

Garba, Kurgu.