Inna Ta Ƙi Aikin Ido Sai An Sauke Tsofaffin Jiragenku

Kibiya, Jihar Kano

Zuwa ga Yaya Salahuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Kuroshiya, Ya kare ka daga sanyin ƙasar da kuma injinan da kake wuni a cikinsu. Mu nan da sauƙi. An cire gyaɗa, dawa ta kusa, 'yar'uwarmu Mu'minat ta sauka lafiya a Durba, an samu mace. Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoton takardar in turo maka, don in na kira ka a waya faɗa muke yi, ka ce ba ni da ladabi, layi ya yanke ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Takarda dai ba za ka iya katse ta ba.

Maganar Inna ce. Ka san idonta na hagu ya tafi tun bara. Yanzu na daman ma ya kama hanya. Daga asibitin Rano aka tura mu Kano, likita ya ce ruwan cikin idon ne ke hawa yana cin jijiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa har abada. Maganin ɗigawa ya daina riƙewa, sai aiki, aikin ma da gaggawa. Inna ta ce ba za a taɓa mata ido ba. Wai ta ga wata maƙwabciyarmu da aka yi wa aiki ta dawo ana jan ta da sanda. Ta ce in ma za a yi, a bari tukuna sai mutanen nan sun sauke tsofaffin jiragensu.

Ka gane maganar ko sai na fassara maka? Kai ne ɗan farinta. Tun da aka haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarka a gaban mutane ba. In ka kira waya ta ce lafiya lau, Allah Ya yi albarka, ta miƙo mini, sai kai kuma ka ajiye waya hankalinka kwance, wai Inna ba ta da damuwa. Haba Yaya! Zaman Turai ne ya mantar da kai kunyar ɗan fari? Matar nan ko wuta ke cin ta ba za ta ce maka ka zo ba. Kai ka faɗa da bakinka cewa kamfaninku na kula da kayan aikin tsofaffin jiragen yaƙin ƙasar, ranar da aka sauke su daga aiki ka samu sarari, za ka zo gida. Wannan kalmar ta riƙe. Tun daga ranar ba ta tambayata kai, jirage take tambaya.

Ni da ban wuce aji uku na sakandare ba, jiragen nan sun mayar da ni malamin dole. Ina zaune bakin shagon caji da ƙamus a waya, ina haɗa Turanci harafi-harafi, samari na tsokanata wai ga Munzali matuƙin jirgi da bai taɓa hawa ko na ƙasa ba. Na san MiG-21 ne, tun na zamanin Tarayyar Sobiyet, sun girme ni sun girme ka. Na san an yi ta lallaɓa su da gyara har ya zama 'yan kaɗan ne ke iya tashi. Na san ƙasar ta sayi jirage ƙirar Rafale goma sha biyu daga Faransa, su ɗin ma gwanjo ne, sai dai gwanjo mai sauran ƙarfi. Duk wannan nakan zauna in warware wa Inna da Hausa tana tsinkar zogale, ta ce to, saura nawa tsofaffin? Kamar mai tambayar buhun da ya rage a rumbu.

To na karanta, Yaya, kada ka ce mini wani abu. An sauke su. Na ga bikin da idona a waya, tsofaffin sun yi tashin bankwana, sababbin na biye da su, mutane na tafi. Ban faɗa wa Inna nan take ba, na jira ka kira ka ba mu rana. Sai ka kira ka ce wai yanzu ne ma aiki ya taso, an sa ku koyon kayan sababbin jirage, wanda ya matsa a ba wani gurbinsa, mu ƙara haƙuri zuwa baɗi. Baɗi! Likita bai ba mu baɗi ba. Ƙasar da kake wa aiki ma da ta ga abinta ya tsufa ba ta tsaya jira ba, ta nemo wasu. Su suna da Faransa da za su je su sayo. Ni ina zan je in sayo wa Inna ido?

Yanzu kullum ta tambaye ni sai in ce ban duba ba. In jirgi ya gifta ta saman gari zai sauka Kano, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta fito tsakar gida ta ɗaga kai. Da tana nuna mini shi da yatsa. Yanzu ƙarar take bi, tana kallon inda ba nan yake ba. Kawu Mukhtar ya yi mata magana har ya gaji, limamin unguwa ya zo, ta saurare su da ladabi ta ce ta ji, sai dai a bari tukuna.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne komawarmu asibiti ta makon jiya. Likitan ya gwada ta, ya ajiye fitilarsa, ya ce gani ya ƙara raguwa, ya tambaye ta wai wa take jira haka da ya fi mata idonta. Na buɗe baki zan amsa mata kamar yadda na saba. Sai ta riga ni. A gaban likita, a gaban Kawu, a gabana, ta ce Salahuddeen. Kawu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai da na fita waje, don tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ban ma san haka take faɗinsa ba.

Ban ce ka zubar da aikinka ba, na san da wahala ka same shi. Abu biyu nake roƙo, ka zaɓi ɗaya, don girman Allah. Ko ka je wurin manyanka ka nemi ko mako guda ne, ka zo ta gan ka, washegari mu kai ta a yi aikin. Ko kuma, in ba za ka iya ba, ka kira ta da kanka, ba ta bakina ba, ka ce mata an sauke jiragen kuma ba za ka zo bana ba. Za ta ji zafi, amma za ta daina jira, wataƙila ta yarda a ceci abin da ya rage. Abin da ba zan ƙara karɓa ba shi ne ka ce mata kana nan tafe. Wannan kalmar ce ke makantar da ita.

Kawu Mukhtar na gaishe ka, Mu'minat da mai gidanta da jaririya suna gaishe ka. In na yi maka rashin kunya ka yafe mini, ka zo ka ja mini kunne a gida. Inna ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba. Da ta ji ƙarar takarda dai ta tambaye ni ko akwai labarin jirage. Na ce mata ana jiran amsa.

Ƙaninka,
Munzali