Tambayar da Ba a Yi a Shekarar Fari

Isa,
9 ga Disamba, 1984.

Zuwa ga ƙanena Attahiru, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ba ka haƙurin zama da mutanen da ba ka saba da su ba. Mu dai muna nan. Maigidana Sammani ya warke daga ciwon ƙafar da ya dame shi, ɗiyarmu Fadima ta fara tafiya, ta kuma fara ɓarna. Baffa Illo ya baro Gangara ya komo gidan Inna a Sabon Birni da iyalinsa, don geron da ya shuka ko kai bai fid da ba. Gulbi ya ƙafe da wuri, sai an yi tono cikin rairayi ake samun na sha. Ba za ni tsawaita a kan wannan ba, tunda kai ma inda kake ba ruwa aka yi ba.

Takardarka ta iso ta hannun direban nan mai zuwa Maraɗi. Ka ce an ba ka aji biyu ka koya musu Turanci a lakwal, kamar yadda suke kiran makaranta a can: na ƙanana, da na manya waɗanda wasunsu har sun fara gemu. Ka ce darakta zai duba aikinka wata uku kafin ya tabbatar da kai. Gaisuwa da ƙidaya da sunayen ranaku duk sun tafi lafiya, sai kuka iso darasin abinci, inda littafi ya ce malami ya bi yara ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kowa abin da ya ci da safe da abin da aka dafa a gidansu jiya. Wasu suka ce shayi da burodi. Wata Binta, ɗiyar wani makiyayi da dabbobinsa suka ƙare, ta sunkuyar da kai. Ka maimaita da Turanci, ka maimaita da ɗan Faransancinka na kasuwa, ka komo Hausa, ba ta tanka ba, sai ka sa ta tsayuwa har aka tashi. Washegari ba ta zo ba, kafin ƙarshen mako yara tara sun bi sahunta. Daga nan ka yanke cewa yaran can ba su son karatu, kuma gara ka haɗa kayanka ka komo gida tun darakta bai kore ka ba.

Attahiru, kwalejin malamai ta koya maka bin littafi, amma na ga ta mantar da kai gidan da ka fito. Shekararka goma sha biyu lokacin waccan yunwar. Kai ne kake ɗebo wa Inna kara tana hura wuta da yamma, ta ɗora tukunya da ruwa zalla, don maƙwabta su ga hayaƙi ya tashi a gidanmu. Su ma hakan suke yi, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa leƙa tukunyar wani. Wanda ya rubuta littafin nan naka bai taɓa kwana da anza, ɗiyan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, a cikinsa ba, shi ba shi da laifi. Yaran da suka ce maka shayi da burodi, ƙarya suka yi don su rabu da kai lafiya. Binta kuwa abu biyu ka aje mata: ko ta yi wa malaminta ƙarya, ko ta tona asirin ubanta gaban aji. Ta zaɓi tsayuwa. Na ji kunya da na karanta, na kuma ji tausayinka, don na san ba mugunta ba ce, rawar kai ce ta sabon malami.

Ga yadda nake yi a nawa ajin nan Isa, tunda mu ma darasin yana cikin littafinmu. Ina zana wani mutum a allo, ƙato mai tumbi, na sa masa suna Ɗanmusa. Shi ake tambaya abin da ya ci, yara su amsa a madadinsa. Ɗanmusa yakan karya kumallo da kaji biyu da shinkafa da madara, wani yaro ma raƙumi ya ba shi sukutum. Suna dariya, suna rige-rigen ɗaga hannu, kuma duk kalmomin da littafi yake so suna shiga kansu ba tare da an taɓa gidan kowa ba. Ka zana naka. Zanenka ba kyau, wannan ma zai taimaka.

Sannan ka tafi gidan su Binta da ƙafarka. Ka je bayan la'asar, ka tashi tun rana ba ta yi ja ba, kada lokacin ɗora tukunya ya same ka zaune. Kada ka riƙa komai a hannu, kada kuma ka ba da haƙuri, don ba da haƙurin sake tayar da maganar ne. Ka gai da uban, ka sha ruwan da aka ba ka, ka ce aji ya yi kewarta. In ta komo, sauran za su biyo ta, darakta ya iske aji cike.

Maganar komowa gida kuwa, ka cire ta a ranka. Ba a ɗaukar malamai nan bana, gona ba abin yi, gidan Inna kuma mutum bakwai suka ƙaru da zuwan su Baffa. Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Ranar da na kai takardarka Sabon Birni, yayarmu Adda Kubura da Azumi maƙwabciya suna zaune, kowa na son jin labarin Agadas, sai na shiga karantawa da ƙarfi ba tare da na duba ƙarshenta ba. A layin ƙarshe ka ce a faɗa maka gaskiya, sau nawa ake ɗora tukunya a gida yanzu. Kafin in kama bakina na riga na karanta. Inna ta miƙe ta ce bari ta dubo awaki. Awakin an sayar da su tun wata biyu da suka wuce, kuma duk wanda ke zaune wurin ya sani. Ta daɗe a bayan ɗaki.

Sammani yana gaishe ka, da Baffa Illo da Adda Kubura da ƙanenmu Jibrilla. Ka gai da mai masaukinka da iyalinsa. Inna ta sa maka albarka, ta ce ka zauna inda kake ka riƙe aikinka. Ta kuma ce tunda ka tambaya, in rubuta maka cewa ranar tuwon shinkafa aka yi da miyar taushe, har an rage na ɗumame. Na rubuta.

Yayarka,
Saudatu.