Gidan Renon da Ke Jiran Almakashi

Zuwa ga:
Mai girma Babban Darakta,
Furojen Rainon Gobe,
Buron Jiha, Tawa.

Daga:
Balki Chindo,
Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Garka ta Bakin Fadama,
Badaguishiri, Illela.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025.

Game da: Gidan renon yara da furojenku ya gina mana ya kulle, da ƙarar da ake shirin kai ni wurin jandarma saboda kwaɗon ƙofarsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da dukkan ma'aikatan buronka, wato ofishinka, har da waɗanda ba mu taɓa gani ba sai ta gilashin mota, ina neman izini in gabatar da kukana. Mu mata ne masu noman albasa da kabeji a fadama lokacin rani. Mazajen yawancinmu suna ci-rani, wasu Abijan, wasu Libiya. Garka tana hannunmu, ɗiya suna bayanmu. Da hannuna na rubuta wannan takarda, da karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci. In an ga kure a rubutu a gafarce ni, amma babu kure a labarin.

1. A ranar 14 ga Maris, 2022, ma'aikacinku Maman Sani, wanda muke ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malam da Faransanci, ya zo ya tara mu, ya tambayi damuwarmu. Kafin ya gama zama muka faɗa mishi: garka cike take da rijiyoyi marasa murfi, yara kuma ba su san rijiya ba. Ya ce ba haka ake gano matsala ba, sai an yi taron tsari. Muka bar ban ruwa muka zauna kwanaki, ya zana wani itace a babbar takarda, mai saiwa da rassa, ya ce sunansa itacen matsaloli. Ranar ƙarshe ya nuna mana gindin itacen cikin murna, ya ce bincike ya gano cewa damuwarmu ita ce yara da rijiyoyi. Muka tafa mishi, tun da baƙo ne. Ya bar mana wani ƙaton littafi na Faransanci kan yadda ake tsara gidan reno da nemo mishi tallafi. Ba mu iya karanta shi ba, amma muna godiya, don babu abin da ya kai shi danne takardun ƙungiya in iska ta taso.

2. An ce dole jama'a su ba da nasu kason. Muka bayar. Filin nawa ne, gefen gonar da na gada wurin ubana. Yashi da tsakuwa da ruwan kwaɓa siminti mu muka kawo, wasu a ka, wasu a amalanken jaki. Wata ƴar ƙungiyarmu, Hanifa, tana da tsohon ciki ta riƙa ɗaukar tsakuwa, muna hana ta tana cewa ai ɗakin abin da ke cikinta ake ginawa. Kun kuma kai mata biyu daga cikinmu, Karima da Basira, horo a Birnin Konni. Suka dawo da takardar shaida, bayan sun yi mako biyu suna yi wa ƴar tsana wanka. Kowacensu ta haifi ɗiya fiye da biyar, amma sun ce sun ƙaru, kuma na yarda da su.

3. A watan Oktoba na 2023 aka gama gini. Ba zan ɓoye gaskiya ba, ya yi kyau. Ga shuɗin fenti, ga katanga, ga rumfa, ga hoton raƙumin dawa a bango, da wata dabba mai ƙiba da har yau ba mu daidaita a kan sunanta ba. Ranar da mai gini ya kwashe kayansa, Mushe Maman Sani ya maƙala kwaɗo, ya sa makulli a aljihu, ya ce ba a shiga sai manyan baƙin da suka ba da tallafi sun zo sun yanke ƙyalle.

An sa rana a Nuwamba, aka ce baƙon bai samu zuwa ba. An sa a Maris, aka ce azumi ne, ba za a iya raba lemu ba. An sa a Agusta, ruwa ya yanke hanya. An sa a Oktoban bara, sai aka gano cewa a jikin allon ƙofa sunan wani mai tallafi ya fi na wani girma, aka cire allon aka tafi da shi Tawa gyara. Duk lokacin da aka sa rana sai mu share wuri, mu wanke anko, mu koya wa yara waƙar maraba. Yarinyar da aka fara zaɓa ta miƙa wa baƙo fure ta yi giɓi, haƙoran sun fito, yanzu tana lakwal, makarantar boko. Wadda ta gaje ta ma ta kusa. A duk wannan lokaci babu wanda ya amfana da gidan sai ƙadangaru da rina, kuma ban ji an nemi nasu kason ba.

4. Sau ɗaya aka buɗe ƙofar. A watan Mayu na 2024 Mushe Maman Sani ya zo da mai ɗaukar hoto, ya ce mu ara mishi yara, masu tsabta, kada a kawo mai majina. Aka shimfiɗa tabarmi sababbi, aka zaunar da su, aka ba kowa biskit da abin wasa. Da aka gama hoto aka karɓe abin wasan, aka fito da su suna kuka, aka mayar da kwaɗo. An gaya mini hoton yana rataye a buronka. Idan haka ne, ranka ya daɗe, ka duba yaron da ke gaba, mai jar riga. Sunansa Fahad. Shi ne wanda uwarsa ta ɗauki tsakuwa da cikinsa.

5. A ranar Litinin, 9 ga Disamba, 2024, muna tsakiyar dashen albasa. Dashe ba ya yiwuwa da goyo, don duƙawa ake yi tun safe. Hanifa ta yi abin da dukkanmu muke yi, abin da nake jin kunyar rubuta wa babban mutum: ta ɗaure ƙafar Fahad da zane a gindin itacen bedi, kamar ɗan akuya. Daga inda yake zaune ana hangen shuɗin ginin nan. Zanen ya kwance. Babu wanda ya ji kukansa, ƙarar ruwa kawai muka ji. Hanifa ba ta tsaya neman igiya ba, ta faɗa rijiyar a bayansa. Da muka jawo su, yaron ba ya motsi. Basira ce ta kife shi, ta danna, ta hura mishi iska kamar yadda aka koya mata da ƴar tsana, har ya yi amai ya tsala ihu. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Hanifa ta karye a idon sawu, har yau da sanda take tafiya, irin albasarta kuma ya bushe kafin ta tashi.

6. Washegari da hantsi aka ga kwaɗon gidan reno a ƙasa. Mushe Maman Sani ya rubuta cewa wasu da ba a san ko su wane ne ba suka fasa shi. Ina so in sauƙaƙa wa buronka bincike. Taɓarya ce ta fasa shi, taɓaryar tawa ce, hannun da ya riƙe ta ma nawa ne, kuma mata da yawa sun gani, don guɗa suka yi. Ina shaida cewa kwaɗon mai inganci ne, sai da na sake bugu.

Tun daga ranar yara suna ciki. Karima da Basira suna kula da su daga safe har la'asar. Kowace uwa tana kawo gero gwargwadon hali, ana dama kunu, mai wake ta kawo wake. Ranar kasuwa mukan tara ɗan abin da muka samu mu ba su na sabulu. Ban sani ba ko haka babban littafin nan ya ce a yi, amma tun daga ranar ba a sake ɗaure ɗan kowa a gindin itace ba.

7. A ranar 6 ga Janairu Mushe Maman Sani ya zo. Bai tambayi jikin Hanifa ba. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallon bango, inda yara suka bar shatin hannu daidai tsawonsu, ya ce mun ɓata fenti kafin baƙi su gani. Ya ce a takardun furoje wannan gida bai fara aiki ba, saboda haka yaran da ke ciki ba sa ciki. A daidai lokacin ɗaya daga cikin waɗanda ba sa cikin ya yi fitsari kusa da takalminsa, kuma a madadin ƙungiya ina ba da haƙuri. Daga nan ya miƙa mini takarda mai hatimi cewa za a kai ni jandarma, a matsayina na shugabar ƙungiya, kan lalata kayan furoje, an dakatar da alawus ɗin da aka yi wa Karima da Basira alkawari, an kuma dakatar da jawo famfon da aka ce za a kawo wa gidan.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon mai girma Darakta:

Na farko, a janye maganar jandarma. In ba za a janye ba, a bari sai mun cire albasa, don ni ke yi wa Hanifa ban ruwan kabejinta. Kwaɗo kuwa zan sayi sabo in mayar, in dai makullin zai zauna wurin Karima.

Na biyu, a saki alawus ɗin matan nan biyu. Ba su fasa komai ba, ɗayarsu ma rai ta ceto da horonku, abin da ya kamata ku yi alfahari da shi.

Na uku, a aiko mana da makullin ɗakin ajiya, inda aka kulle katifu da tukwane da kayan wasa. Wannan ƙofar ban taɓa ta ba, saboda girmamawa. Ina fatan girmamawar ba za ta daɗe tana jira ba.

Na huɗu, abin da aka ware na rumfuna da kujeru da lemun biki, a juya shi a yi wa rijiyoyin garka murfi. Gidan reno ba ya ɗaukar dukkan yaran fadama.

In kuwa dole sai an yi biki, ba mu ƙi ba. A faɗa mana rana. Za mu fito da yaran, mu share, mu ja ƙofa kamar ba a taɓa shiga ba. Baƙo ya yanke ƙyallensa, mu tafa, mu yi waƙa. Roƙonmu kawai a taƙaita jawabi, don da azahar suke barci, kuma yanzu sun saba da yin sa a inuwa.

Allah ya ƙara girma, ya raya maka naka ɗiyan.

Mai biyayya gare ka,

Balki Chindo,
Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Garka ta Bakin Fadama.