Jegon da Ba Jariri

Litinin, 2 ga Oktoba
Sun rage min tumbi saboda ƙiba a asibitin Kota Bharu, wai saura kamar ayaba ɗaya. Ina gidan Yaya Sepiah, na bulo, a ƙasa. Nawa yana can tsallaken hanya bisa dogayen ƙafafunsa na katako, yana kallona kamar na guje shi.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Yaya ta sa ni jego, jegon da ba jariri. Safa a ƙafa, zani a ɗaure a ciki, kwanciya kamar gunduwar rogo. Ba ƙwai, ba kaza, ba kifin teku, wai suna sa ciwo ƙaiƙayi ya yi ruwa. Sai ruwan kunun shinkafa. Na ce, "Yaya, jikoki gare ni fa." Ta ce, "Yanka yanka ne, Limah, rufe min baki." Haka iyayenmu suka yi, to.

Laraba, 18 ga Oktoba
Ina narkewa. Da rana na yi gyangyaɗi, na ga kaina na zama wau, tsuntsun nan na takarda da gora da marigayi mijina Deraman yake sakewa sama bayan girbi. Iska ta ɗauke ni bisa gonakin shinkafa, kogi ya koma zare, zanina yana kaɗawa. Deraman yana ƙasa yana ihu wai in sauko a ci abinci. Ban sauko ba. Daɗi!

Asabar, 28 ga Oktoba
Na saci hanya zuwa gidana. Matakalar da na yi shekaru ina hawa da tulin jikina, yau ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na zauna a ta ƙasa ina kallon kaji. A nan ɗana Rosdi ya same ni. Ya ce, "Inna, damina ta kusa. In ruwa ya shigo gidan Gwaggo Sepiah, ke ba ki iya hawa naki, ina za ki? Farkon Disamba zan zo, mu tafi Kuala Lumpur. A benenmu akwai lif, ɗakin ƙarfe ne zai riƙa kai ki sama." Na ce akwati ɗaya nake jira, na gawa, ba wannan ba ne. Bai yi dariya ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba
Can Kuala Lumpur ko zakara ba ya cara.

Talata, 7 ga Nuwamba
Asibiti. Wata Norlia, mai koya wa mutane motsa jiki, ta matsa dantsena, ya yi lakwam. Ta ce, "Kaka, ba kitse kaɗai kika zubar ba, har da tsoka. Wa ya kwantar da ke?" Na nuna Yaya da haɓa. Yaya ta ce da wannan jegon ta raini rabin garinmu Tumpat. Norlia ta ce, "Su masu jego jarirai suke ɗagawa dare da rana. Ita me take ɗagawa?"
Ta ba ni jar roba in riƙa ja. Wai in tashi daga kujera in zauna, in tashi in zauna, kamar mai jiran baƙon da ya ƙi zuwa. Da ƙwai, da kifi, kaɗan-kaɗan. Na ce, "'Yar nan, kina da miji? Haka kike wahalar da shi?" Ta ce shi ma ya saba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba
Robar ta yi kyau a ƙofar kejin kaji.

Talata, 14 ga Nuwamba
Norlia ta kira a waya ta ce in nuna mata robar. Na kwance ta. Kaji sun watse.

Juma'a, 24 ga Nuwamba
Cinyoyina suna zagina. Yaya ta kama ni da dafaffen ƙwai a bayan ɗaki, ta ɗaga min riga tana neman ƙaiƙayi, ba ta samu ba. Ta ɓare min na biyu tana mita. Sama ta yi nauyi ta wajen teku, kwaɗi sun fara gwada murya. Kullum da hantsi ina zuwa gaida matakala, ina ƙara ɗaya in Allah ya yarda. Daga tsakiya ana hango kogi, fari fat, kamar an shanya mayafi.

Asabar, 9 ga Disamba
Rosdi ya zo cikin yayyafi. Ya duba gidan Yaya, ya fito yana kira. Na bar shi ya kira sosai, sannan na leƙo ta tagar sama na ce, "Wa kake nema, bawan Allah?" Ya daɗe tsaye da lema. Ya ce, "Wa ya ɗauko ki?" Na sauko, na ja masa kunne, na koma. A hankali, hannu a katako, amma na koma. Ya biyo ni da jakata yana haki. Na ce, "Akwai wata Norlia, zan haɗa ku."
Ya tafi shi kaɗai, ya ce zai dawo ya gani. Ya dawo mana.
Ruwa yana kaɗa kwano. Ɗakin yana warin rufi da tsohon man kwakwa. Bayan la'asar na tashi na zauna, na tashi na zauna, ba mai kallo. Kujerar nake gwadawa, ta daɗe ba a zauna mata ba.