Takardar Koken da Na Kai Asibiti

Zuwa ga ɗiyata Mamana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aiki, yaya kuma baƙunci?

Yau mahaifiyarki ta cika kwana goma sha tara a sashen mata. Ɓarin jikinta na dama har yanzu bai motsa ba. Likita ya ba da umarni a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, gudun kada bayanta ya yi gyambo. Ke da kike nas kin fi ni sanin dalili.

Sai dai tsarin wurin abin takaici ne. Na ƙirga gadaje talatin da shida, amma nas ɗaya tal ke aikin yini, wata doguwar mace da kowa ke kira Sista. An ce a da nas tara ne a sashen. Bakwai sun tafi ƙasashen waje kamar yadda kika tafi, ta takwas kuma ita ke karɓar ta da yamma. Ina zaune da agogona da littafina. Jiya allurar ƙarfe goma sai sha ɗaya da minti ashirin aka yi ta, juyi kuwa sau uku maimakon shida. Shekara talatin na yi ina sufeton makarantu, ban taɓa ganin sakaci na kau da kai ba. Na rubuta takardar koke shafi huɗu, da ranaku da lokuta, na miƙa ta ofishin shugaban asibiti da hannuna, sai da aka buga mini hatimi na fito.

Mahaifiyarki ta yi ta girgiza mini kai. Kin dai san kawaicinta.

Ki gaishe da mutanen gidan.

Mahaifinki.

Zuwa ga ɗiyata Mamana,

Ina gaishe ki, ina kuma fatan kuna lafiya. 

An yi aiki da takardata. An tuhumi Sista a rubuce, ita kuwa ta ajiye aiki. Daga baya mai shara ta shaida mini cewa takardunta na tafiya waje sun fito tun wata biyar, tana ta ɗagawa saboda babu mai maye gurbinta. Ranar da za ta tafi, ta zo ta juya mahaifiyarki, ta gyara mata matashi, ta gaishe ni cikin ladabi.

Ba a kawo wata ba. An haɗa sashenmu da na kusa, nas ɗaya ga gadaje saba'in. Na koma wurin shugaba, ya nuna mini sanarwar ɗaukar nas goma sha biyu. Mutum biyu suka nema, ba wadda ta zo.

Na gwada juya ta da kaina, ƙarfina ya gaza. Gyambo ya buɗe a ƙugunta, zazzaɓi ya ƙi sauka, likita ya ce cutar ta shiga jini. Duk abin da na rubuta a takardar nan gaskiya ne, Mamana, kuma ni na jawo mata wannan.

Ki nemi izini ki taho. Ba don jinya nake kiran ki ba, likita ya ce lokacin jinya ya wuce. Idan kuma can ma ma'aikata sun yi ƙaranci har ba za su sake ki ba, ki sanar da ni da wuri, in daina ce mata kina hanya.

Mahaifinki.